Takardar neman tayi: me ya sa ba ma tsayawa ga kiran waya

Ɗana, ka tambaye ni: "Maigida, masu sayar da famfon sola a Damagaram duk mun san su, lambobinsu na cikin wayarka. Me ya sa za mu share mako muna rubuta takardar neman tayi saboda lambun matan nan na wajen Mirya, alhali in mun buga waya uku za mu samu farashi kafin magariba?"

Za ka samu farashi kam. Amma farashin me? Na farko zai ce maka sefa miliyan uku, a ransa famfo da fano (faifan da ke ɗaukar hasken rana) kawai yake nufi. Na biyu ya ce biyar, shi ya haɗa da shato (tankin ruwa na sama) da bututu da ladan dasawa. Na uku ya ce biyu da rabi, bai sa harajin TVA ba, wanda a ƙasar nan kashi 19 ne cikin ɗari, kuma famfon da yake shirin kawowa ba zai iya ɗago ruwa daga rijiyarsu ba. Ga amsa uku a hannunka, kowace tambayarta daban. Takardar nan ita ce tiyar da za a auna kowa da ita. In kowa ya zo da tasa tiyar, mai wayo ne zai ci, ba mai kaya masu kyau ba.

Ba kowace sayayya ke buƙatar wannan wahala ba. In siminti muke so, buhu mai kilo 50, ko rodi mai milimita 10, mun riga mun san abin da muke nema. Sai mu nemi takardar farashi daga dillalai uku a kasuwar Dole, mu dubi mai sauƙi, a gama. Neman tayi na wurin da ka san matsalarka amma ba kai ka fi sanin maganinta ba. Matan nan sun san ruwa suke so ya kai ga fangalinsu na albasa da kabeji da salati. Wane famfo, fano nawa, bututu mai wane faɗi, wannan masu sana'ar ne za su ba da shawara, mu kuma mu zaɓa.

Shi ya sa na mayar maka da abin da ka rubuta. Ka sa: "Ana neman famfon sola mai inganci da ƙarfi." Wa ka taɓa ji ya ce nasa ba shi da inganci? Abin da mai tayi ke son sani shi ne zurfin rijiyar, a mita nawa ruwa ke tsayawa in ba a ja ba, kuma zuwa ina yake sauka in an daɗe ana ja. Yana son sanin ruwan da rijiyar ke iya bayarwa a awa ɗaya, da wanda lambun ke sha a wuni, da tsayin shato, da nisan da ke tsakaninsa da bakin rijiya. Duk wannan yana cikin takardar gwajin ruwa da mahaƙa ke bari bayan sun gama aiki. In babu ita, a sake gwajin kafin a rubuta ko layi ɗaya. Ƙasarmu ta Damagaram dutse ne a ƙarƙashinta, shi ya sa birnin kansa ya daɗe yana janyo ruwa daga nesa, daga Gogo da Arungguza da Ganaram. Rijiya da yawa a nan ruwansu kaɗan-kaɗan yake tsattsafowa. Ka ɗora wa irinta famfo mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci ya tsotse ta, ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Na taɓa ganin wani lambu da aka yi wa haka: fano sababbi ful suna ƙyalli a rana, mata kuwa sun koma guga da igiya. Don haka rubuta a fili cewa dole famfon ya zo da na'urar da ke tsayar da shi in ruwa ya yi ƙasa. Rubuta kuma cewa zai yi aiki cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke rufe fano, kuma mai tayi ya faɗi yadda za a riƙa goge su da wanda zai koya wa matan.

Kada ka kama sunan kamfani ɗaya. In ka rubuta Grundfos ko Lorentz kaɗai, ka riga ka zaɓi wanda zai ci tun kafin a fara, domin wataƙila mutum ɗaya ne ke kawo shi garin nan. Faɗi aikin da kake so famfon ya yi. In dole sai ka ambaci suna, ƙara da cewa "ko makamancinsa".

Sai takardun shaidar mai tayi: lambar haraji ta NIF, rajistar kasuwanci ta RCCM, shaidar cewa ba a bin sa haraji, da ayyuka biyu ko uku irin wannan da ya taɓa yi, tare da inda suke don mu je mu gani da idonmu. Ni wannan na ƙarshe ya fi mini duk sauran. Amma kada ka jibga sharuɗɗa kamar wanda zai ba da kwangilar titin Damagaram zuwa Agadas. Aikin ƴan miliyoyi ne. In ka tsananta, ƙananan masu sana'a na Zango da Sabon Gari, waɗanda in famfo ya lalace za su hau babur su je ranar, su ne za ka kora, ka bar mu da wani daga Yamai, kusan kilomita 900, wanda sai an yi mako ana jiransa.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Yadda za a ba da maki, ana rubuta shi cikin takardar tun kafin ta fita, kowa ya karanta. Mu a nan mun saba da kashi 70 na ingancin aiki, 30 na farashi, kuma wanda bai kai 70 cikin 100 a ɓangaren aiki ba, ba a ma buɗe farashinsa. Dalilin ambulan biyu ke nan, ɗaya na tsarin aiki, ɗaya na kuɗi, kowanne a liƙe. Ido in ya fara ganin kuɗi, zuciya ta riga ta yanke hukunci, sai ka ga mutum yana nema wa mai araha uzuri. Kuma in ba a rubuta ma'aunin tun farko ba, ranar da aka buɗe tayi za ka ji wani cikin kwamiti ya ce ai garanti ya fi komai muhimmanci, don ya lura ɗan'uwansa ne ya ba da garanti mai tsawo. Garin nan kowa dangin kowa ne. Za a zo maka gida bayan isha'i, a gaishe ka, a ce ɗan wane ma ya sa takarda. Rubutaccen ma'auni shi ke ba ka bakin cewa, "Baba, ba a hannuna yake ba," kuma ka faɗi gaskiya.

Maganar farashi, a rubuta shi da sefa, a nuna na kafin haraji da na bayan haraji, a kuma faɗi kwanakin da zai tsaya bai motsa ba. Mu kwana 60 muke nema. Kaya da yawa daga Kano suke shigowa ta Magarya ko Matamai, naira kuwa yau sama gobe ƙasa. Ka tuna yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan Yulin 2023. Waɗanda ba su rubuta abin da za a yi in hanya ta toshe ba sun sha rigima da masu kawo musu kaya. Faɗi yadda za a biya: kaso na farko sai da lamunin banki, sauran bayan ruwa ya hau shato an gani, a riƙe kashi 5 har shekarar garanti ta cika. Sa wa'adin gamawa kafin damina ta sauka a Yuni, tun hanyar lambun ba ta zama taɓo ba.

Kuɗin matan nan ba na gwamnati ba ne, saboda haka dokar kwangilar gwamnati da hukumar ARCOP ke sa wa ido ba ta hau kanmu ba, ba lallai mu buga sanarwa a jaridar Le Sahel ba. Duk da haka za mu liƙa ta a ƙofar buro, mu ba gidan rediyo, mu aika wa duk wanda muka sani rana ɗaya, a ba su mako uku. Za a sa ranar da kowa zai je ya ga rijiyar tare. Wanda ya kira ka da tambaya, ka ce ya rubuto, amsar kuma a aika wa dukansu. Abin da ka gaya wa mutum ɗaya a waya, ko da zuciya ɗaya ka yi, ka fifita shi.

Ranar rufewa, ka zauna da littafi, kowane ambulan ka rubuta lokacin da ya iso, mai kawowa ya sa hannu. In an ce ƙarfe goma, wanda ya zo goma da minti biyar ya koma da abinsa a liƙe. A buɗe a gaban kowa, shugabar matan na zaune, a karanta da ƙarfi. Bayan an zaɓa, ka rubuta wa waɗanda ba su ci ba wasiƙa ƴar gajera, ka faɗa wa kowa makinsa da inda ya gaza, ka mayar wa waɗanda ba a buɗe farashinsu ba ambulansu yadda suka kawo shi.