Tambayoyinku: Na sayi lasifika masu tsada, amma sautin bai gamsar da ni ba

Saƙonnin wannan makon sun karkata ga masu shirya ɗakin sauraron kiɗa a gida. Na ɗauki huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, na keɓe ɗaki guda don sauraro, na sayi dogayen lasifika biyu. A wurin mai sayarwa sai ka ce mawaƙin yana tsaye a gabana. Da na kawo su gida, bes ya riƙa rugugi yana danne murya. Ko an yi mini algus ne?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Lasifikar tana nan yadda ka ji ta, ɗakin ne ya bambanta. Abin da ke shiga kunnenka a kan kujera, wani kaso ne kawai ke zuwa kai tsaye. Sauran sai ya bugi bango da silin da daɓe sannan ya dawo maka.

Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Idan tsawon ɗakinka mita 5 ne, ninka shi biyu ka raba 343 da 10, za ka samu kusan 34. Wato sautin ƙasa, bes ke nan, mai hatz 34 (hatz shi ne yawan karkarwar sauti a daƙiƙa guda), da ninkinsa 68, zai riƙa kai-komo tsakanin bangon biyu, ya yi kauri a wani wuri, ya dushe a wani. Gwada da kanka: kunna waƙa mai bes, ka tashi ka zagaya a hankali. A kusurwa za ka ji shi har cikin ƙirji, a tsakiyar ɗaki kuwa kamar an zare shi. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya ya fi shan wannan wahalar, domin matsalar ɓangarorin biyu a kan sauti ɗaya take taruwa.

Kafin ka ƙara sayen komai, janyo lasifikar daga jikin bango kamar rabin mita ko fiye. Nisan da ke tsakanin biyun ya zama daidai da nisan kowacce zuwa kanka, ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti kuma ta yi saiti da kunnenka idan kana zaune. Kada kujera ta jingina da bangon baya, kada kuma ta zauna a tsakiyar ɗaki cif.

Sai dabarar madubi, wadda nake matuƙar so. Ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne sauti ke fara bugawa ya dawo maka, nan za ka maƙala allon tsotse sauti ko labule mai kauri. Shimfiɗa kafet tsakaninka da lasifikar. Amma siririn soson nan da ake mannawa a bango ba ya taɓa bes ko kaɗan, sai alluna masu kauri, santimita 10 zuwa sama, musamman a kusurwoyi. Idan kana son ka gani da idonka, akwai manhajar REW ta kyauta. Ka haɗa makirufon awo irin UMIK-1 da kwamfuta, ta zana maka inda sauti ya kumbura da inda ya rame.

Tambaya: Wat nawa ya kamata amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ta kasance?

Amsa: Lasifikarka ce za ta faɗa maka. A takardarta akwai lambar desibel, wato ma'aunin ƙara, da ke nuna ƙarar da take bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. Ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wuta sau biyu. Saboda haka mai desibel 86 tana neman wuta ninki huɗu kafin ta kamo mai 92. Shi ya sa lasifikar Klipsch masu bakin ƙaho ke cika ɗaki da 'yar ƙaramar amfilifaya. Duba kuma ko lasifikar mai om 4 ce ko 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta), domin mai 4 ta fi jan wuta, kuma ba kowace amfilifaya ke jure mata ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke tsoron babbar amfilifaya, alhali ƙaramar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta takan gurɓata sauti har ta ƙona ƙaramar lasifikar sama. Wanda ba ya son wannan lissafin, kamfanoni irin Genelec da Neumann suna ƙera lasifika masu amfilifaya a cikinsu.

Tambaya: An ce in sayi wayoyin haɗi na azurfa, wai sauti zai buɗe.

Amsa: Riƙe kuɗinka. Wayar jan ƙarfe mai kauri, wadda ba ta cika tsawo ba, ta wadatar. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun nuna cewa hukuncin masu sauraro a kan lasifika yana canjawa idan suna ganin ta, ya bambanta da lokacin da aka ɓoye ta bayan labule. Ido yana ruɗar kunne. In za ka kwatanta kaya biyu, daidaita ƙararsu, ka sa wani ya riƙa canja maka ba tare da ka sani ba, domin wanda ya ɗan fi ƙara shi kunne ke ɗauka ya fi daɗi.

Tambaya: Duk waƙoƙina suna cikin waya da kwamfuta. Ina asara ne idan na tura su ta Bluetooth?

Amsa: Kana ɗan yi. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗauke da bayanan sauti kilobit 1,411 a daƙiƙa. Bluetooth dole ya matse sautin, ko tsarin LDAC na Sony iyakarsa 990. A cikin mota ba za ka lura ba, amma a ɗaki mai shiru da lasifika masu kyau kana iya jin bambancin. Gara ka haɗa kwamfutar ta USB da na'urar DAC, wadda ke mayar da lambobin kwamfuta su koma sauti, ko ka turo waƙoƙin ta Wi-Fi, kuma ka nemi fayil irin FLAC da ba a rage masa komai ba.

Kada lambobin 192 kilohatz, wato ɗaukar samfurin sauti sau 192,000 a daƙiƙa, su ɗauke maka hankali. Kunnen ɗan'adam yana ji daga hatz 20 zuwa 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Ma'aunin CD na kilohatz 44.1 yana kama sauti har rabin wannan lambar, wato hatz 22,050, ya riga ya wuce iyakar kunne. DAC matsakaiciya ta ishe ka, ragowar kuɗin ka zuba su a allunan kusurwa.