Jiragen Yaƙin Turkiyya: Amsar Tambayar Yaya

Yaya, na saurari saƙonka. Ka ce tun da jiragen nan masu saukar ungulu samfurin T129 suka fara isowa Najeriya a ƙarshen 2023, kullum a majalisarku sai an ce Turkiyya ta tsaya da ƙafarta, komai nata ita ke ƙerawa, mu kuwa sai saye. Ka tambaya ko mu mazauna Istanbul haka muke gani, kuma me ya sa duk sanda ka ɗauko zancen a waya nake taƙaitawa.

Bari in fara da ta biyun. Mu Hausawan nan ba mu da yawa: masu saro tufafi a Laleli, masu haɗa kaya su tura gida, ɗalibai, da masu yi wa marasa lafiya tafinta a asibitoci. Bayan Juma'a mukan haɗu a wuraren shan shayi na Aksaray. Abin da sabon zuwa ke fara koya a wurinmu shi ne, a ƙasar nan zancen jirgin yaƙi zancen siyasa ne. Suna da wata magana, yerli ve milli, wato na gida kuma na ƙasa, kuma gwamnati ce ta fi yawan faɗinta. Selçuk Bayraktar, wanda kamfanin gidansu Baykar ke ƙera jirgi maras matuƙi TB2, surukin Shugaba Erdoğan ne. Ka yaba a ce kana tare da wannan ɓangare, ka kushe a ce kana tare da wancan. Baƙo kuwa raɓa ne, takardar zamansa sabunta ta ake yi. Shi ya sa a cikin mota ko a shago muke kame baki, sai mun keɓe mu ɓarje guminmu da Hausa.

Kafin ka fahimci zafin da abin ke da shi a zuciyarsu sai ka zauna da dattawansu. Wani maƙwabcina tsoho, duk sanda aka nuna jirgi a talabijin, sai ya koma 1974, shekarar da sojojinsu suka shiga tsibirin Ƙubrus. Amurka ta sa musu takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978. Ga jirage a ajiye, kuɗinsu suka sa suka saya, amma kayan gyara sai mai shi ya ga dama. A wannan shekarar ta 1975 aka kafa Aselsan, mai ƙera na'urorin sadarwa na soja. Kuma suna da wani tsohon miki: tun 1926 aka buɗe masana'antar jirage a Kayseri, wani attajiri Nuri Demirağ shi ma ya ƙera nasa a Istanbul, daga baya duk aka bari suka mutu aka koma saye. Wannan labarin har yaran firamare sun san shi.

To amma, Yaya, cewa komai nasu ne ba gaskiya ba ce, kuma su kansu masu ilimin cikinsu ba sa faɗin haka. T129 ɗin da kuke gani, asalinsa jirgin Italiya ne, A129 Mangusta, suka haɗa hannu suka gyara shi. Injinsa na Rolls-Royce da Honeywell ne. A 2018 Pakistan ta ƙulla cinikin guda 30, amma da Amurka ta ƙi ba da izinin fitar da injin, cinikin ya tsaya cak. TB2 ma da na'urar hangen nesa ta Kanada ya yi suna. Da aka yi amfani da shi a yaƙin Azarbaijan da Armeniya a 2020, Kanada ta dakatar da sayar musu, sai suka koma kan wadda Aselsan ya ƙera. Babban abin alfaharinsu, jirgin yaƙin da suke ƙerawa mai suna KAAN, ya fara tashi ranar 21 ga Fabrairu 2024. Na ga mutane suna hawaye a gaban talabijin ran nan, ni ma jikina ya yi sanyi. Amma injin da ya ɗaga shi F110 ne na General Electric, kamfanin Amurka. Nasu injin suna kan aikinsa.

Saye ma ba su daina ba. An cire su daga shirin jirgin yaƙin Amurka F-35 a 2019 saboda sun sayi makaman kakkaɓo jirage S-400 a wurin Rasha, duk da haka suka yi ta neman sababbin jiragen yaƙi F-16 har Amurka ta amince a farkon 2024, bayan majalisarsu ta yarda Suwidin ta shiga NATO.

A nan ne muke rabuwa biyu in mun zauna. 'Yan kasuwarmu suna cewa wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa haƙa rijiya. Mutane na mutuwa a Zamfara da Borno yau, a sayo abin da ke aiki yau. Ɗalibanmu masu karatun injiniya suna tuna musu yadda Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra a 2014, da yadda aka yi shekaru ana jiran jiragen yaƙi Super Tucano guda 12 kafin su fara isowa a 2021. Ni dai na fi karkata ga yaran, amma ba yadda suke faɗa da zafin kai ba. Abin da na gani da idona a nan shi ne Turkawa ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba. Sun saya, amma da sharaɗi. Da suka sayi F-16 a shekarun 1980, sun dage a kan a riƙa harhaɗa su a masana'antar TUSAŞ kusa da Ankara. Yaran da suka fara da ɗaura ƙusa a jirgin wani, su ne suka koyar da masu zana KAAN. Shekara arba'in ke nan ba a rufe ƙofar ba, gwamnatoci na sauyawa aikin na tafiya.

Abin da ke ci mini rai ke nan in na tuna Kaduna. Mun harhaɗa ƙaramin jirgin koyo Air Beetle a can. A 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi maras matuƙi na rundunar sojan samanmu. Ba basira muka rasa ba. Kowane sabon ciniki, daga Pakistan ko Italiya ko nan Turkiyya, na so a ce an rubuta a cikinsa cewa babban gyara a Kaduna za a riƙa yi, da hannun yaranmu.

Akwai wata al'ada da muka ɗauka a wurinsu kuma ban yi nadama ba. Duk shekara tun 2018 suna yin bikin fasaha, Teknofest, shiga kyauta. In an yi shi a Istanbul mukan haɗa iyalai mu tafi da yara, mata su dafa shinkafa a zuba a kula. Yaro ya taɓa fiffiken jirgi, ya ga abubuwan da sa'anninsa 'yan sakandare suka haɗa da kansu don gasa. 'Yata ta tsakiya tun daga nan ta ce injin jirgi za ta karanta, kuma har yanzu ba ta sauya ba.

Game da yaronka da ka ce yana son wannan fanni, kada ya jira sai ya samu gurbi a nan. Ya nemi AFIT, makarantar fasaha ta rundunar sojan sama da ke Kaduna, tukuna, ya riƙe lissafi da kyau. In ya gama ka turo mini takardunsa, ɗalibanmu na nan za su nuna masa yadda ake neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗewa a farkon kowace shekara. A gaishe mini da Inna da mutanen gida.