Taraguna Sun Iso, Amma Na Ɓoye Wa Uwargida Kuɗinsu

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne a Zariya, shekaruna 47, da mata ɗaya da yara huɗu. Marigayi mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a kusa da tasha muka tashi, kukan jirgi ne agogonmu na asuba. Shekaru uku da suka wuce na fara tara ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, irin waɗanda ake kira HO, wato an rage girman na gaskiya sau 87. Na shimfiɗa musu layi a kan faifan katako a ɗakin baƙi.

A watan jiya wani abokina ya taho mini da taragun fasinja guda biyar daga Jamus, na hannu ne, ƙirar Märklin. Wallahi Anti, har kujerun ciki ana gani ta taga. To amma ina ɗora ɗaya a kan layi sai komai ya tsaya cak, na'urar wuta ta ɗauke. In na sauke shi, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa. Ga kuma babbar damuwar: kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na faɗa wa uwargida. Da ma cewa take yi wasan yara nake yi da furfura. Yanzu ta ji sauran a bakin matar abokin nawa, kwana shida ke nan daga gaisuwa sai ajiye abinci. In sayar da su ne a huta?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan Baba.

Bari mu fara da mai sauƙin. Na tambayi wani ƙanena da ya san harkar, ya ce taragunka lafiyarsu ƙalau, kai ne ba ka yi tambaya ba kafin ka saya. Faɗin layin ɗaya ne, milimita 16.5, shi ya sa suka zauna daram. Bambancin yana wajen wuta. A tsarin Märklin, wuta na bi ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi, ƙarafan gefe biyu kuma hanya ɗaya suke, don haka ba a raba ƙafar dama da ta hagu ba. Naka layin kuwa kowane ƙarfe da tasa wutar, sai sandar ƙafafun ta haɗe su, na'ura ta kashe kanta. Ana sayar da ƙafafun canji masu ɗan roba a jikin sandar, da hannu ake ɓalle tsofaffin a maye. Ka daina gwadawa har sai sun iso, kuma ka rufe layin da zane, ga hunturu nan tafe da ƙurarsa.

Sai batun uwargida, a nan kuwa ba zan goya maka baya ba. Sha'awarka ba abin kunya ba ce. Wani ƙwallo yake bi, wani tattabaru, ba wanda ya ce musu yara. Amma ka tsaya ka duba: a bakin wata mace ta ji abin da mijinta ya kashe. Ka san yadda wannan ke ci wa mace rai? Ta zauna ana ba ta labarin gidanta kamar baƙuwa. Shirun nan na kwana shida ba na taragu ba ne.

Kada ka sayar. In ka sayar cikin fushi, za ka riƙa ganin ita ta raba ka da abinka, ita kuma ba ta samu haƙurin da take jira ba. Ka same ta bayan yara sun kwanta, ka faɗi kuɗin gaba ɗaya, har da na ƙafafun da za ka saya, ba tare da "ai" da "amma" ba. Ku yanke abin da za ka riƙa warewa a wata, bayan cefane da kuɗin makaranta. Na kuma lura a wasiƙarka ni ka ba labarin Baba da tashar Zariya. Ita ka taɓa ba ta?