Tambaya da Amsa: A Hannun Wa Lakwal ɗin Unguwarmu Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji huɗu a wata firamare ta gwamnati a birnin Damagaram, ƙasar Nijar. Tun damina iska ta yaye kwanon ajinsu, yanzu a rumfar zana suke karatu, ga shi malaminsu ya bar aiki ba a kawo wani ba. Na sami daraktan makarantar, ya ce abin ba a hannunsa yake ba. To, a hannun wa yake? Daga wata uwa a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Darakta bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya taƙaita bayani, domin matsaloli biyu kika kawo, kuma kowace da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata.

Maganar malami ta gwamnatin ƙasa ce. Ma'aikatar ilimi da ke Yamai ita ke tsara manhaja da kula da harkar malamai, bisa dokar tsarin ilimi ta 1998, kuma tana da babban ofishi a kowace jiha, wanda aka fi sani da DREN. Ƙarƙashin ofishin na Damagaram akwai sufetocin makarantun firamare, kowa da yankinsa, sannan a ƙarƙashinsu akwai masu ba malamai shawara kan koyarwa, waɗanda ke zagayawa su zauna a bayan aji su ga yadda darasi ke tafiya. Darakta ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa; iyakarsa ya rubuta wa sufeto cewa aji kaza ba shi da mai koyarwa. Saboda haka ki tambaye shi ko ya rubuta, da ranar da ya aika. Yawancin malaman firamare ƴan kwantaragi ne, kuma wanda ya sami abin da ya fi yakan tafi ko a tsakiyar shekara, shi ya sa ba a rasa irin wannan giɓi.

Shi kuwa gini, tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi gina azuzuwan firamare da gyaransu, don haka kwanon da iska ta yaye lamari ne na hukumar birni da da'irar da makarantar take ciki, daga cikin biyar ɗin da aka raba birnin. A ganina an miƙa musu nauyin ne ba tare da kuɗin da ya isa ba, amma wannan bai hana a bi su ba. Rumfar zana ba abin da za a saba da shi ba ne, ganin yadda gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021, kowace ta halaka yara 20 ko fiye.

Ƙofar da ta fi kusa da ke, wadda iyaye suka fi sakaci da ita, ita ce kwamitin kula da makaranta da ake kira COGES. Iyaye ne ke zaɓen wakilansu a babban taro, darakta ma yana ciki, kuma a wannan taron ake jera buƙatun shekara, daga alli da gyaran tebur da benci har zuwa randar ruwan sha, a yanke abin da kowane gida zai bayar. Ma'aji wajibi ne ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. Akwai kuma ƙungiyar iyaye mata, wadda muryarki za ta fi saurin fita ta bakinta.

Shawarata ita ce ki nemi shugaban kwamitin ya kira taro, a rubuta takarda biyu, ɗaya zuwa ga sufeto kan malami, ɗaya zuwa ga hukumar da'ira kan rufin, a sa hannun kwamiti da na darakta, a gayyaci mai unguwa ya raka masu kai su, a kuma riƙe kwafi mai hatimin ranar da aka karɓa.