Likita, wai ƙwayoyin cikin hanji ne ke sa ƙiba?

Tambaya: Salam Likita, dan Allah nauyina ya kai kilo 128 ga ciwon suga, an ce in yi aikin rage tumbi amma wata ƙawata tace wai ƙwayoyin cutan hanji ne matsalar, in dinga shan kindirmo kawai zan sauka. Gaskiya ne? Maman Ummi, Kano.

Amsa: Wa'alaikissalam Maman Ummi. Ƙawarki ta ɗan taɓo gaskiya, a 2013 masana a Amurka sun ɗebo ƙwayoyin hanjin tagwaye, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka saka wa ɓeraye, waɗanda suka samu na mai ƙibar sai suka tara kitse. Amma fa ɓera ba mutum ba ne, kindirmo shi kaɗai ba zai sauke kilo 40 ba wallahi, balle in an zabga masa suga kamar yadda muke yi a fura.

Abincin da ƙwayoyin hanji masu amfani ke so shine wake, gero, dawa, miyar kuka, zogale. Shi kuma aikin, wani iri ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, sugan mutane da yawa kan sauka bayansa, sai dai fa bayan aikin shan bitamin B12 da maganin ƙarin jini ba yankewa har ƙarshen rayuwa. Ki fara ganin likitanki na suga tukunna.