Kallon Tsuntsaye a Tafkin Madarunfa Lokacin Hunturu

TAMBAYA: Malam, an ce hunturu ne lokacin ganin tsuntsaye a tafkin Madarunfa. Na je da azahar, balbela kaɗai na gani, ko shamuwa babu. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, shamuwa baƙuwar damina ce, kafin sanyi ya shigo ta riga ta yi kudu. Baƙin hunturu daban ne: ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin taɓo masu ƙetaro Sahara daga Turai, su zauna tun daga Oktoba har Maris. Cikinsu akwai ɗan ƙarami mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya. Su kuwa kirinjijiya, zalɓe da zakaran kekuwa ƴan gida ne.

Azahar ce ta cuce ka, don a lokacin tsuntsu ya ƙoshi ya laɓe. Tafkin bai wuce kilomita 20 da ɗoriya kudu da Maraɗi ba, saboda haka ka kama hanya bayan sallar asuba, ƙarfe 7 ta same ka a bakin ruwa, ka yi kallo har 9 da rabi. Tsaya ta gabas, rana na bayanka. In ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi zai fito maka, ba ka tantance launi. Ranar da hazo ya yi kauri, gara ka ɗage tafiyar.

Farar riga na korarsu tun daga nesa, ka sa mai ruwan ƙasa. Nemi gindin itace ka zauna shiru minti 20, su da kansu za su matso. In zakaran kekuwa ya fara kururuwa, ka yi kusa da yawa. Ja baya, don kukansa na tayar da sauran. Ka kuma gaisa da masuntan wurin, sun san gefen da garke ke sauka.

TAMBAYA: Wane madubin hangen nesa ya dace?

AMSA: Mai lamba 8x42: 8 ninkin kusantowa ne, 42 faɗin gilashin gaba a milimita. Wanda ya haura 10 rawa yake yi a hannu. Ƙurar hunturu kuwa, kada a share ta da bakin riga, tana karce gilashi. A hure ta tukuna, sannan a goge da tsumma mai laushi.