Me ya sa kaza ba ta fitsari?

Tambaya: Likita, ina kiwon kaji da awaki a gida. Akuya tana fitsari, amma ban taɓa ganin kaza ta yi ba. Ko ba ta da ƙoda ne? Daga wata mai kiwo a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, kaza tana da ƙoda biyu, kuma tana fitsari. Ki duba kashinta da kyau: farin nan mai kama da alli da ke samansa, shi ne fitsarin. Haka ma farin da ke kan kashin ƙadangare.

Duk dabbar da jikinta ya sarrafa furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, sai ya bar wata guba mai suna amoniya. Yadda za a rabu da ita kuwa ya danganta da yawan ruwan da dabba take samu. Kifin kogi ba shi da damuwa, yana sakin ta kai tsaye cikin ruwan da yake iyo. Tsuntsaye da ƙadangaru suna mayar da ita yurik asid, wanda ba ya narkewa sosai, don haka yake fita fari da kauri, ba a yi asarar ruwa mai yawa ba. Mu da awakinki, hanta ce take juya ta zuwa yuriya, sinadarin nan dai da manoma suka sani a buhun taki. Daga nan jini ya kai wa ƙoda.

Abin da ya fi burge ni a aikin ƙoda shi ne abin da take mayarwa ya fi abin da take zubarwa nesa ba kusa ba. A kowace ƙodar mutum akwai ƙananan matatai kusan miliyan 1, ana kiran su nefuron. A bakin kowanne akwai dunƙulen siraran jijiyoyi inda ƙarfin bugun jini yake tura ruwa, gishiri, suga da yuriya waje, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. A yini ana tace kimanin lita 180, amma fitsarin da ke isa mafitsara bai fi lita 1 zuwa 2 ba. Sauran duk ana tsotse shi a hanya, cikin wani siririn bututu mai lanƙwasa, ya koma jini. Suga ma gaba ɗaya yake komawa, sai in ya yi yawan da ya fi ƙarfin bututun, kamar ga mai ciwon suga.

Idan jiki ya ji ƙishi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna ADH, ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi yake raguwa, ya yi duhu da la'asar. Raƙumi ya fi mu nisa a wannan fanni, nasa har kauri yake yi.

Kajinki kuwa, kada ki bari mazubin ruwansu ya bushe, musamman a bazara. In ruwa ya yi musu ƙaranci, farin sinadarin nan yana taruwa a ƙoda da kan kayan ciki, kuma yana kashe su.